Me Kake So? Darasi Daga Zangon Sararin Samaniya

 

A wannan karo za mu ɗan ajiye maganar kwatoci da kuɗin makaranta da tsadar gidan haya, mu leƙa cikin akwatin talabijin. Akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Amurka mai suna Babylon 5, irin wanda ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da ake ƙirƙira game da zamanin da bai zo ba tukuna, inda za ka ga jirage suna ratsa taurari, ga kuma halittu masu siffa dabam da ta ɗan Adam. Mun san akwai dattawan da za su ce wannan ai shirmen yara ne, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin yawancin irin waɗannan wasanni harbe-harbe ne kawai da ƙarar injuna. To amma wannan ya fita dabam. Duk wanda ya zauna ya bi shi daga farko har ƙarshe zai tarar cewa jiragen ado ne, ainihin maganar kuwa siyasa ce, kuma irin siyasar da mu mutanen Zango muka sha ɗanɗana ɗacinta a ƙasar nan tun kafin a sami 'yancin kai.

Zango a tsakiyar taurari

Wani marubuci Ba'amurke mai suna J. Michael Straczynski ne ya ƙago wasan. An nuna fim ɗin gwaji a 1993, sannan wasan ya gudana daga 1994 zuwa 1998, kashi 110 cikin shekara biyar, kuma shi kaɗai ya rubuta 92 daga ciki. Tun kafin a fara ɗaukar hoto ya riga ya tsara farkon labarin da tsakiyarsa da ƙarshensa, shi ya sa abin da aka shuka a shekarar farko sai a ta uku ko ta biyar ake girbe shi.

Labarin ya soma ne a shekarar 2258. Bayan wani mummunan yaƙi da ya kusa shafe 'yan Adam, sai aka gina wata tasha a sararin samaniya, tsawonta mil biyar, mai ɗauke da mazauna kimanin dubu 250, domin al'ummu dabam-dabam su riƙa haɗuwa suna sasanta rigingimunsu da baki maimakon bindiga. Manyan dauloli biyar kowace ta aiko da jakadanta, ƙananan ƙasashe kuma suka haɗu cikin ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu. A cikin tashar akwai kasuwa, akwai fatake da dillalai da alƙalai da 'yan sanda, sannan a can ƙarƙashi akwai unguwar waɗanda suka zo neman arziki, guzuri ya ƙare musu, ba su da kuɗin komawa gida.

To, wa zai ji wannan bai tuna da gida ba? Kalmar zango kanta ai daga ayarin fatake ta samo asali, wurin da ake sauke kaya a huta kafin a ci gaba da tafiya. Zangon Kumasi ya bunƙasa ne bayan da Turawan Ingila suka shiga garin a 1896, fataken goro da na shanu da tsofaffin sojoji da leburori suka yi ta sauka, har ya zama gari a cikin gari. Ga Hausawa, ga Mosawa, ga Wangarawa, ga Dagwambawa, ga Zabarmawa, ga Yarabawa da Fulani da Kotokoli, kowace al'umma da sarkinta mai magana da yawunta, ga Sarkin Zango, kuma dukanmu a kan ƙasar Asante muke zaune. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ba sai an yi masa dogon bayani ba game da yadda jakada yake rayuwa tsakanin mutanensa da masu ƙarfin da suka kewaye shi.

Jakadu biyu

Cikin dukan mutanen wasan, biyu ne suka riƙe labarin. Na farko shi ne Londo Mollari, jakadan daular Sentauri, wadda a da ta mulki taurari masu yawa amma ta tsufa, ba abin da ya rage mata sai tuna zamanin da. An turo shi tashar ne saboda a gida ba a ɗauke shi a bakin komai ba, kuma babu mai son muƙamin, tunda tashoshi huɗu da aka gina kafin wannan, uku sun tarwatse tun ana gininsu, ta huɗu kuwa ta ɓace ɓat. Londo mutum ne mai barkwanci da son jama'a, sai dai caca da giya sun ci ƙarfinsa, ga mata uku da aka aura masa domin siyasar manyan gidaje, waɗanda kullum yake gudun haɗuwa da su. Idan ka gan shi a farkon wasan dariya zai ba ka. Amma a ƙarƙashin dariyar akwai ciwo, domin yana jin kunyar yadda al'ummarsa ta koma abin kallon 'yan yawon buɗe ido.

Na biyu shi ne G'Kar, jakadan Narnawa. Sentaurawa sun yi wa ƙasarsu mulkin mallaka na kimanin shekara ɗari, suka kwashe arzikinta, suka mai da ƙasa mai dausayi ta zama fako. Mahaifin G'Kar bara ne a gidan wani Basentaure, kuma an rataye shi a jikin bishiya kwana uku har ya mutu, laifinsa kawai ya zubar da abin sha a jikin uwargidan. Da wannan ƙullin G'Kar ya girma. A farkon wasan shi ne ake nunawa a matsayin mugu, mai makirci da tsokanar faɗa, wanda ba ya ganin Basentaure sai ya ji jininsa ya tafasa.

Ana nan sai wani baƙo ya sauka a tashar, ɗan Adam ne mai suna Morden, mai tsabtar tufafi da murmushi da ladabi. Bai zo da makami ba, bai zo da kuɗi ba. Ya bi jakadun nan ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambaya guda: me kake so? Jakadiyar Minbari, Delenn, ta ji warin sharri a jikinsa ta kore shi. G'Kar ya ce yana so ya ga an murƙushe Sentaurawa, amma da aka tambaye shi sai kuma me bayan nan, ba shi da wani buri sai ƙasarsa ta zauna lafiya, don haka baƙon ya ga ba zai yi masa amfani ba. Londo da farko ya ɗauki abin wasa. Da baƙon ya yi ta naci, sai ya fusata ya amayar da abin da ke zuciyarsa, cewa yana so al'ummarsa ta koma kan matsayinta na da, a ji tsoronta, a daina yi mata kallon tsohon zakin da haƙoransa suka zube. Morden ya yi godiya ya tafi, ya sami wanda yake nema.

Abin lura a nan shi ne, Morden ɗan aiken wasu tsofaffin halittu ne da ake kira Inuwoyi, waɗanda aƙidarsu ita ce a haɗa al'ummu faɗa domin mai ƙarfi ya tsira. Ba su tilasta wa Londo komai ba. Ciwon da suka tarar a zuciyarsa shi suka yi amfani da shi, kuma Bahaushe ya riga ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kyautar farko ƙarama ce, an dawo masa da wani kayan sarauta da aka sace. Ta biyu, an shafe masa wani sansanin Narnawa mai mutum dubu 10 farat ɗaya. Londo ya kaɗu, ya ce ba haka ya nufa ba, amma da ya ji yadda sunansa ya fara tashi a fadar gida, sai ya haɗiye maganar.

Kofin da aka sha a makare

Kashin da ya fi kowane taɓa zuciya shi ne wanda aka nuna a 1995, wanda ya ci lambar yabo ta Hugo a 1996. Tsohon sarkin Sentauri, Turhan, yana jin ajalinsa ya matso, ya yi tattaki zuwa tashar. G'Kar ya ɗaura niyyar kashe shi a bainar jama'a, har ya rubuta wasiyya. Kafin ya kai gare shi sai sarkin ya yanke jiki ya faɗi. Daga gadon asibiti ya aiko wa G'Kar da saƙo ta bakin likita, cewa abin da ya kawo shi shi ne ya tsaya a gaban Banarne ya nemi gafara a kan abin da mutanensa suka aikata. G'Kar ya rasa abin cewa. Ya fita ya nemi Londo, ya saya masa abin sha da kuɗinsa, ya ce watakila lokacin sulhu ya yi. Londo ya karɓi kofin hannunsa na rawa, domin sa'o'i kaɗan kafin nan ya riga ya nemi Morden ya sa a kai hari kan wani babban mazaunin Narnawa, bisa haɗin baki da wani ɗan fada mai kwaɗayin mulki da ake kira Refa. Jiragen Inuwoyi sun riga sun kama hanya.

Da sarkin ya zo cikawa sai ya raɗa wa Londo cewa shi da Refa duk sun halaka. Londo ya miƙe ya gaya wa jama'a cewa sarki ya yi wasiyya a ci gaba da yaƙi. A can gida kuma 'yan Refa suka kashe firayim minista, suka ɗora wani mahaukacin yaro mai suna Cartagia a kan karaga, suna zaton za su riƙa juya shi.

Yaƙin ya ƙare ne da ruwan duwatsu daga sama a kan ƙasar Narn, birane suka zama toka. Londo yana tsaye a bakin tagar jirgi yana kallo, bai ce uffan ba, kuma wannan shirun nasa ya fi kowace magana da aka yi a wasan nauyi. Shi ne kuma aka ba takardar sharuɗɗan miƙa wuya ya karanta a gaban majalisar tashar, ciki har da cewa duk Basentauren da aka kashe za a kashe Narnawa 500 a madadinsa, kuma G'Kar ya sauka daga kujerar jakada. Ya sami duk abin da ya roƙa. Sunansa ya ɗaukaka, ana jin tsoron daularsa, amma babu sauran mai zama ya yi hira da shi.

Daga nan hanyoyin mutanen biyu suka yi musaya. G'Kar, wanda ya rasa ƙasa da muƙami, ya kai wa Londo hari aka ɗaure shi kwana 60, kuma a kurkukun ne ya fara rubutu da tunani, ya gane cewa idan Narnawa suka mai da ramuwa abincinsu, su da abokan gabarsu za su ƙare tare. Daga baya ya faɗa hannun Cartagia, aka yi masa bulala, aka ƙwaƙule masa ido ɗaya. Londo, wanda ya ga mahaukacin sarkin nan zai jawo wa ƙasarsa halaka, ya rasa wanda zai taimake shi sai fursunan da ke cikin sarƙa. Suka ƙulla yarjejeniya, G'Kar ya taimaka a kawar da sarkin, Londo kuma ya janye sojoji daga Narn, kuma kowannensu ya cika alkawari. Da Narnawa suka sami 'yanci suka zo za su naɗa G'Kar sarki domin ya jagorance su zuwa ɗaukar fansa, sai ya ƙi, ya ce bai kawar da azzalumi don ya gaje shi ba.

Londo ya yi ƙoƙarin wanke hannunsa. Ya tarwatsa tsibirin da jiragen Inuwoyi suke, ya sa aka fille kan Morden, daga baya ma ya buɗe baki ya nemi gafarar G'Kar. To amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayin Inuwoyi suka dasa bama-bamai a ƙarƙashin biranen Sentauri, suka ce ko ya hau karaga ya yi musu biyayya ko su tayar. Ya zama sarki da wata halitta manne a wuyansa tana lura da duk motsinsa, ba ya samun sakewa sai ya sha ya bugu ita ma ta yi barci. A ƙarshe, a shekarar 2278, tsohon abokin gabarsa G'Kar ya roƙa ya shaƙe shi domin ƙasarsa ta kuɓuta, suka mutu hannun kowa a wuyan ɗan'uwansa.

Mu ma an taɓa yi mana tambayar

Yanzu bari mu sauko ƙasa. A watan Satumba na 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a nan Kumasi a ƙarƙashin Baffour Osei Akoto, mai magana da yawun Asantehene, tana neman tsarin tarayya, tana adawa da CPP ta Kwame Nkrumah. Jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ƙarfinta yake cikin zanguna, ta haɗa kai da ita, wasu 'yan Zango kuma suka bi CPP. Kowane ɓangare yana da dalilinsa, kuma kowane ɓangare yana da tsohuwar rigimar cikin gida da yake so babban aboki ya taya shi ci, ko ta sarauta, ko ta kasuwa, ko ta wane ne ɗan gari wane ne baƙo. Tsakanin 1954 da 1956 Kumasi ta sha tarzoma, Zango ya rabu biyu, har maganar babban masallacin gari ba ta tsira ba. Abin da MAP ta samu a zaɓen 1956 kujera ɗaya ce tak.

An sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden, dukansu jiga-jigan MAP. Suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasar nan ne. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka fitar da su zuwa Najeriya. Sarautar Zango ta koma hannun Malam Mutawakilu na ɓangaren CPP. Da sojoji suka hamɓarar da Nkrumah a watan Fabrairu na 1966 sai reshe ya juye da mujiya, aka sauke wancan, Alhaji Amadu Baba ya dawo. Wato a cikin shekara goma rawanin Zango ya sauya kai sau biyu, kuma duka biyun daga fadar gwamnati iskar ta kaɗo.

Waɗanda suka yi murna a 1966 ba su daɗe suna yi ba. Dakta Kofi Busia, wanda ya shugabanci jam'iyyar UP da MAP ta narke a cikinta a 1957, ya zama firayim minista a 1969. Ranar 18 ga Nuwamba na wannan shekara gwamnatinsa ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwashi abin da za su iya ɗauka, aka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. Dokar ba ta tambayi kowa jam'iyyar da ya bi a 1956 ba. Tsofaffinmu da suka ga wannan rana suna nan da sauransu, a tambaye su.

Ba mu kawo wannan don mu zargi wata jam'iyya mu wanke wata ba, domin kowa ya ga bulalar ta fito daga hannu biyu. Ba kuma muna cewa shugabanninmu na wancan zamani miyagu ba ne. Londo ma ba mugu ba ne, yana ƙaunar mutanensa ƙauna ta gaskiya, kuma wannan ƙaunar ce aka kama shi da ita. Abin da muke cewa shi ne, duk ranar da ƙaramar al'umma ta gayyato mai ƙarfi daga waje domin ya raba mata gardamar cikin gida, to ta ci bashin da ba ita za ta sa ranar biyansa ba, kuma sau da yawa 'ya'ya da jikoki ne suke biya.

Ramuwar ma mun gan ta. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka dawo gida da kayansu a cikin jakunkunan nan da har yau sunan abin yake manne da su. Wanda aka kora jiya ya zama mai kora yau, kamar dai Narnawa da Sentaurawa, kuma a duka biyun talaka ne ya kwana a bakin iyaka.

Kuɗi hamsin a mako

Akwai wani reshe na labarin da ya shafi samarinmu kai tsaye. A duniyar 'yan Adam an kashe shugaban ƙasa Santiago a cikin jirginsa, mataimakinsa Clark, wanda da hannunsa a ciki, ya hau mulki. Sai ya kafa wata hukuma da ya kira Ma'aikatar Zaman Lafiya, a ƙarƙashinta kuma wata ƙungiya ta Masu Tsaron Dare. Aikin da farko ba wuya: ka ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, ka riƙa sa ido, a ƙara maka kuɗi hamsin a mako. Wani ɗan sandan tashar mai suna Zack Allan, mutumin kirki mai ƙaramin albashi, ya shiga domin kuɗin kawai. Sannu a hankali aka fara tambayarsa sunaye. Wani mai kanti da ya soki shugaban ƙasa aka rufe masa kanti aka tafi da shi, Zack yana tsaye yana kallo. Sai da Clark ya rushe majalisa ya kafa dokar soja sannan Zack ya cire ƙyallen, bayan an riga an cuci mutane da dama.

Mu nan ba baƙin ƙyalle ake rabawa ba, riga ce mai hoton ɗan takara, da 'yan sidi, da babur, da alkawarin aiki bayan zaɓe. Kowa ya san majalisun shan ataya da manyan motoci suke tsayawa a gabansu idan zaɓe ya matso, kuma kowa ya san tambayar da ake yi wa samarin da ke zaune a wurin. A watan Janairu na 2019 aka yi tashin hankali a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, a watan Fabrairu kuma aka harbe wani saurayi har lahira a ofishin wata jam'iyya a nan Kumasi, abin da ya sa majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a wannan shekara. Doka ta yi nata. Amma doka ba za ta zauna a zaure ta gaya wa yaro cewa wanda ya ba shi sanda yau, gobe idan an kama shi ba zai san shi ba. Wannan aikin iyaye ne da malamai da sarakunanmu.

Ba muna cewa a guji siyasa ba. Mu 'yan ƙasa ne, ƙuri'armu haƙƙinmu ce, kuma neman makaranta da asibiti da hanya daga gwamnati ba roƙo ba ne. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 misali ne na abin da ake nema a fili, a rubuce, domin kowa da kowa. Bambancin yana wurin yadda aka amsa tambayar. Idan amsar ita ce rijiyar burtsatse da ajin karatu, an faɗe ta a gaban jama'a, to madalla. Idan kuwa amsar ita ce a taya mu kayar da wane, ko a karɓe rawani daga gidan wane a kawo gidanmu, kuma a ɗaki aka faɗe ta da dare, to mu tuna da Londo.

Kafin mu rufe, akwai mutum ɗaya da bai kamata a manta da shi ba, wato Vir, ɗan aiken Londo, wani mai jin kunya da in'ina wanda danginsa suka turo tashar don su rabu da shi. Shi kaɗai ne ya riƙa gaya wa maigidansa gaskiya a kan idonsa, yana roƙonsa kada ya bi wannan hanya, kuma bai gudu ya bar shi ba. Da Morden ya yi masa tambayar nan, sai ya ce burinsa ya ga ranar da za a hukunta shi Morden ɗin, domin na baya su san cewa akwai alherin da tsadarsa ta yi yawa. A lokacin mamayar Narn kuwa, ya yi amfani da ɗan ƙaramin muƙaminsa ya ƙirƙiri takardu da sunan wani jami'in da babu shi, ya tserar da Narnawa kimanin dubu 2. Kowace fada tana bukatar irin Vir, kuma muna da su a Zango, sai dai ba kasafai ake ba su wurin zama a gaba ba.

Ba mamaki wasan ya san zafin waɗannan abubuwa. Matar da ta fito a matsayin Delenn, Mira Furlan, 'yar wasa ce daga Zagreb wadda ta bar ƙasarta a 1991 lokacin da Yugoslabiya take wargajewa, bayan an yi mata ca a jaridu ana kiranta maci amana saboda ta ci gaba da wasa a Belgrade. Ta rasu a 2021. Andreas Katsulas, wanda ya fito a matsayin G'Kar, ɗan gidan Girkawa ne a Amurka, ya rasu a 2006.

Wasan da Turanci yake, kuma akwai al'adun masu shi a ciki, saboda haka ya fi kyau babba ya zauna tare da yara idan za a kalla, ya riƙa fassarawa yana tsokaci. Idan an zo wurin da baƙon nan mai murmushi ya yi tambayarsa, a ɗan dakatar da na'urar, a tambayi samarin gidan me za su amsa in su ne. Daga nan kuma a kira kaka ta ba su labarin 1969.

Muna jiran wasiƙunku kamar kullum, musamman daga dattawan da suka ga abubuwan da muka ambata da idonsu.